Dacewar furosesa, madabod da ram

Dacewar furosesa, madabod da ram na nufin sharuɗɗan da dole su cika kafin manyan sassa uku na kwamfutar tebur su yi aiki tare. Furosesa, wadda ake kira CPU, ita ce ƙwaƙwalwar da ke gudanar da lissafi. Madabod shi ne babban allon da ake dasa sauran sassa a kansa. Ram kuwa ma'adana ce ta wucin gadi, inda furosesa ke ajiye abin da take aiki a kai muddin kwamfuta tana kunne. Wanda ya sayi kwamfuta a haɗe daga kamfani ba ya fuskantar wannan tambaya, domin an riga an gwada sassan tare. Wanda ya sayi sassa ɗaiɗai don ya haɗa da kansa a gida shi ne nauyin ke hawa kansa.

Rashin dacewa yana cikin manyan dalilan da ke sa sabuwar kwamfuta ta ƙi tashi a kunnawar farko. Alamarsa takan yi kama da ta lalacewa: fanka tana juyawa, fitilu suna ci, amma babu komai a sikirin. Wannan kamanni ne ke sa mai haɗawa na farko ya mayar da sashe mai lafiya, ko ya sayi wani ba bisa buƙata ba, ko ya lanƙwasa ƙafafun soket garin cirewa da mayarwa. Dacewar tana da matakai uku: sashe ya shiga gurbinsa, madabod ya gane shi, sannan ya yi aiki ba tare da kuskure ba. Cika mataki na farko bai tabbatar da sauran biyun ba.

Asali

Haɗa kwamfuta daga sassan kamfanoni daban-daban ya samo asali ne daga kwamfutar IBM PC ta shekarar 1981, wadda wasu kamfanoni suka riƙa ƙera sassan da ke aiki da tsarinta. A shekarar 1995 kamfanin Intel ya fitar da ma'aunin ATX, wanda ya ƙayyade girman madabod, wuraren ƙusoshinsa da yadda wuta ke shiga cikinsa. Cikakken allon ATX yana da milimita 305 a tsawo da 244 a faɗi, microATX yana da 244 a kowane gefe, Mini-ITX kuma 170 a kowane gefe. Shi ya sa akwatin wani kamfani yake ɗaukar allon wani.

Sai dai ma'aunin ATX bai shafi alaƙar furosesa da madabod ba. Kamfanoni biyu da ke riƙe da kasuwar furosesar tebur, wato Intel da AMD, kowanne yana da soket nasa, kuma yana sauya shi bayan 'yan shekaru. A da, sashen da ke sarrafa ram yana kan madabod ne. AMD ta mayar da shi cikin furosesa a Athlon 64 a shekarar 2003, Intel ta bi sahu a 2008 da Core i7 na farko. Tun daga lokacin, furosesa ce ke yanke irin ram ɗin da za a iya amfani da shi da kuma saurin da aka lamunce masa, madabod kuma shi ke samar da gurabun da wayoyin da ke haɗa su.

Soket

Soket shi ne mazaunin furosesa a kan madabod. Iri biyu ne suka fi yawa. A tsarin PGA ƙafafun suna jikin furosesa, soket kuma yana da ramuka. A tsarin LGA ƙafafun suna cikin soket, furosesa tana da shimfiɗaɗɗun ɗigo-ɗigo na ƙarfe a ƙasanta. Intel ta koma LGA a kwamfutar tebur a shekarar 2004 da LGA 775. AMD ta ci gaba da PGA har zuwa soket AM4 mai ƙafafu 1331, sannan ta koma LGA a AM5 mai ƙafafu 1718 a shekarar 2022.

Soket ɗin da aka fi cin karo da su a kasuwa su ne:

LGA 1151, na furosesar Intel Core daga zubi na 6 zuwa na 9.
LGA 1200, na zubi na 10 da na 11.
LGA 1700, na zubi na 12, 13 da 14.
LGA 1851, na Core Ultra 200S da ya fito a 2024.
AM4, na Ryzen 1000 zuwa 5000.
AM5, na Ryzen 7000 da waɗanda suka biyo baya.

Furosesa tana shiga soket ta fuska ɗaya kawai. Akwai ƙaramar alamar kusurwa uku a gefenta, wadda ake daidaita ta da irinta a soket. Idan ta dace, takan zauna da nauyin kanta ba tare da an danna ba. Dannawa da ƙarfi yana lanƙwasa ƙafafu, kuma sau da yawa garantin kamfani ba ya rufe irin wannan ɓarna.

LGA 1151 shi ne fitaccen misalin da ke nuna cewa shiga soket daban, dacewa daban. Furosesar zubi na 6 da na 7 tana aiki da allunan jerin 100 da 200. Ta zubi na 8 da na 9, wadda ta fara fitowa a 2017, tana buƙatar allunan jerin 300. Sunan soket ɗaya ne, adadin ƙafafu ɗaya ne, furosesa tana zama daidai, amma Core i5-8400 ba ta tashi a kan allon H110, haka ma Core i5-6500 ba ta tashi a kan allon B360.

Cifset da BIOS

Cifset ƙaramin guntu ne a kan madabod da ke kula da hanyoyin USB, ma'ajiya da sauran mashigai. Sunansa yakan fito a cikin sunan allon, kamar B450 ko Z690. Kowane cifset yana da jerin furosesar da kamfani ya amince masa. Alal misali, a soket LGA 1200 allunan H410 da B460 ba sa ɗaukar furosesar zubi na 11, ko da yake tana shiga soket ɗinsu.

BIOS, wanda sabon salonsa ake kira UEFI, ita ce manhajar da ke cikin madabod tun daga kamfani. Ita ce ke fara aiki da zarar an kunna, ta tayar da furosesa da ram kafin Windows ko Linux su karɓa. BIOS tana iya tayar da furosesar da ta sani ne kawai. Idan an ƙera allo kafin fitowar wata furosesa, ba zai san ta ba sai an sabunta masa BIOS, ko da cifset ɗin ya dace.

Tarihin AM4 ya nuna wannan matsala fiye da kowane soket, saboda daɗewarsa. An ƙaddamar da shi a 2016, Ryzen na farko ya hau shi a 2017 tare da allunan A320, B350 da X370, kuma AMD ta yi alkawarin ci gaba da amfani da shi har zuwa 2020. A 2018, da Ryzen 3 2200G da Ryzen 5 2400G suka fito, mutane da yawa sun haɗa su da allunan da suka daɗe a shago, kwamfutocin suka ƙi tashi. Sabunta BIOS yana buƙatar kwamfuta ta tashi, ita kuma ba za ta tashi ba sai an sabunta. Don warware wannan, AMD ta riƙa aron tsohuwar furosesa mai rahusa ga masu saye, su yi sabuntawa da ita su mayar. Abin ya sake faruwa a 2019 da Ryzen 3000, har kamfanonin allo suka riƙa manna takarda a kwali mai nuna cewa an riga an sabunta BIOS ɗin allon.

Wata matsalar ita ce ƙanƙantar guntun da BIOS ke zaune a ciki. Yawancin tsofaffin allunan AM4 suna da guntu mai megabait 16, wanda bai isa ya ɗauki bayanan dukkan furosesar soket ɗin ba. Wasu kamfanoni suka cire tallafin tsofaffin furosesa domin sababbi su samu wuri, wasu suka sake fitar da alluna masu guntun megabait 32. Sakamakon haka, a wasu alluna sabunta BIOS yana sa tsohuwar furosesa ta daina aiki. A 2020 AMD ta fara cewa Ryzen 5000 ba zai yi aiki a allunan jerin 400 ba, daga baya ta janye bayan ƙorafin masu saye, a 2022 kuma ta buɗe hanya ga jerin 300. Ta ɗaya ɓangaren, allunan B550 ba su da tallafin hukuma ga Ryzen 1000 da 2000, ko ga 3200G da 3400G.

Haka lamarin yake a LGA 1700: allunan jerin 600 da aka ƙera don zubi na 12 suna buƙatar sabuwar BIOS kafin su tayar da zubi na 13 ko 14. Saboda haka kowane kamfanin allo yana wallafa jerin furosesar da allonsa ke ɗauka a shafinsa na intanet, tare da lambar BIOS da kowacce ke buƙata. Wannan jeri ne madogara, ba sunan soket ba.

Ram

Ram na kwamfutar tebur yana zuwa ne a matsayin sanduna da ake cusawa a gurabu. Zubi uku ne ake samu a yau. DDR3 yana da ƙafafu 240 kuma yana aiki da bolt 1.5, ko 1.35 a nau'in DDR3L. DDR4 yana da ƙafafu 288 da bolt 1.2. DDR5 ma ƙafafu 288 ne, amma da bolt 1.1, kuma guntun da ke daidaita masa wuta yana jikin sandar. Kowane zubi yana da tsaga a ƙasan sanda a wuri daban, don kada a sa shi a gurbin da ba nasa ba. Tsagar DDR4 da ta DDR5 suna kusa da juna, har mai kallo da ido yana iya ɗauka ɗaya ne, amma ɗayan ba ya shiga gurbin ɗayan.

AM4 yana amfani da DDR4 kawai. AM5 da LGA 1851 suna amfani da DDR5 kawai. Furosesar LGA 1700 tana iya aiki da kowanne daga cikin biyun, amma kowane allo yana ɗaukar ɗaya ne, shi ya sa ake samun allo iri ɗaya a siga biyu, na DDR4 yakan ɗauki alamar D4 ko DDR4 a sunansa. Wannan ya jawo kuskuren saye da yawa tun daga 2021.

Akwai kuma nau'o'in da zubinsu ya dace amma ba na wannan aiki ba ne. Sandunan SO-DIMM na laftof gajeru ne, na DDR4 yana da ƙafafu 260, ba sa shiga gurbin tebur. Sandunan RDIMM na manyan kwamfutocin saba suna shiga gurbin DDR4 na tebur daidai, amma allunan gida ba sa tashi da su. Irin waɗannan sukan fito da arha a kasuwar kayan hannu, idan an kwance tsofaffin saba.

Yawancin allunan gida suna da tashoshin ram biyu, A da B, kowace da gurbi ɗaya ko biyu. Sanduna biyu, ɗaya a kowace tasha, suna ninka faɗin hanyar bayanai. A allo mai gurabu huɗu, littafin allo yakan ce a fara da A2 da B2, wato gurbi na biyu da na huɗu idan aka ƙirga daga furosesa. Sa su a na ɗaya da na uku yana iya rage sauri ko hana tashi a wasu alluna.

Lambar da ke bayan sunan ram, kamar DDR4-3200, tana nuna miliyoyin musayar bayanai a daƙiƙa ɗaya. Kowace sanda tana da ƙaramin guntu mai suna SPD da ke gaya wa allo saurin da zai fara da shi, bisa ma'aunin ƙungiyar JEDEC. Sandar da aka rubuta wa 3200 ko 3600 a kwali takan fara ne a 2133 ko 2400, ta DDR5 kuma sau da yawa a 4800. Wannan ba lahani ba ne. Saurin kwali yana cikin wani saiti na daban, wanda Intel ke kira XMP, AMD kuma EXPO a DDR5, sai an kunna shi a BIOS. Idan saitin ya wuce saurin da kamfanin furosesa ya lamunce, ana ɗaukar sa a matsayin tura na'ura fiye da ƙa'ida. Ryzen 3000 da 5000 an lamunce musu DDR4-3200, Intel zubi na 12 an lamunce masa DDR4-3200 ko DDR5-4800, Ryzen 7000 kuma DDR5-5200 da sanduna biyu. Cika gurabu huɗu yana ƙara wa furosesa nauyi: a Ryzen 7000 saurin hukuma yana sauka zuwa DDR5-3600.

Kamfanonin allo suna wallafa jerin ram ɗin da suka gwada, wanda ake kira QVL. Rashin sunan sanda a jerin bai nuna ba za ta yi aiki ba, yana nuna ba a gwada ta ba ne.

Abin da ke faruwa idan an kunna

Da an danna maɓalli, BIOS tana gudanar da gwajin da ake kira POST. Tana bin tsari: furosesa, ram, sashen hoto, sannan ma'ajiyar da za a tashi daga gare ta. Inda gwajin ya tsaya shi ne bayanin farko game da matsalar. Alluna da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu masu sunaye CPU, DRAM, VGA da BOOT. Suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, wadda ta tsaya a kunne tana nuna matakin da aka maƙale. Alluna masu tsada suna da ɗan allo mai nuna lamba biyu, ana duba ma'anarta a littafin allo. Tsofaffi suna amfani da ƙara, idan an sa musu ƙaramar lasifika. Ƙara ɗaya gajere yakan nufi lafiya, sauran kuma ma'anarsu ta danganta da kamfanin BIOS.

Fitilar tana nuna mataki ne, ba lallai sashen da ya lalace ba. Fitilar DRAM tana iya ci saboda lanƙwasasshiyar ƙafa a soket ɗin furosesa, tunda mai sarrafa ram yana cikin furosesa. A wasu alluna kuma tsohuwar BIOS tana tsayar da fitilar CPU ko ta DRAM.

A kunnawar farko allo yana gwada lokutan ram domin ya samo waɗanda za su yi aiki. Da DDR5 wannan yana iya ɗaukar mintuna da dama, sikirin baƙi ƙirin, wani lokaci kwamfuta ta mutu ta sake tashi da kanta. Kashe ta a wannan lokaci yana mayar da aikin farko.

Hanyar gano matsala

Masu gyara suna bin ƙa'ida biyu: a rage kwamfuta zuwa mafi ƙarancin sassan da za ta tashi da su, kuma a sauya abu ɗaya a kowane gwaji. Wanda ya sauya ram da waya da saitin BIOS a lokaci guda, ko da kwamfuta ta tashi, bai san abin da ya gyara ba.

Ana fara da abin da ba ya buƙatar kwance komai. Allon ATX yana karɓar wuta ta hanyoyi biyu: babbar waya mai ƙafafu 24, da ta furosesa mai ƙafafu 8 ko 4 a saman allo. Mantawa da ta biyun yana sa fanka ta juya amma furosesa ba ta samu wuta ba. Wayar furosesa takan rabu huɗu da huɗu, ta katin hoto kuma shida da biyu. Sun yi kama amma tsarin wutarsu ya bambanta, ba a musanya su.

Sai wayar sikirin. Kasancewar mashigin HDMI a bayan madabod bai nufin zai ba da hoto ba, domin yana dogara ne da sashen hoto da ke cikin furosesa. Furosesar Intel mai harafin F a ƙarshen suna, kamar Core i5-12400F, ba ta da shi. A AM4, Ryzen marar harafin G, kamar Ryzen 5 3600 ko 5600X, shi ma ba shi da shi. Waɗannan suna buƙatar katin hoto, kuma a jikin katin ake sa wayar.

Daga nan a koma kan ram. Sanda tana buƙatar dannawa da ƙarfi fiye da yadda sabon shiga yake zato, har sai makullin gefe ya rufe da kansa. A gurabun da ke da makulli a gefe ɗaya kawai, ɗayan gefen yakan tsaya bai shiga ba. Ana cire duka, a sa sanda ɗaya a A2, a gwada. Idan bai tashi ba, a sa ɗaya sandar a gurbin. Idan wata sanda ta ƙi aiki a kowane gurbi alhali 'yar'uwarta tana yi, sandar ce ke da lahani. Idan kowace sanda tana aiki a tashar A amma ba ta yi a B, zargi ya koma kan soket, allo, ko abin sanyaya furosesa da aka ɗaure fiye da kima ko a karkace.

Idan an taɓa sauya saiti, ko allon na hannu ne, ana share saitin BIOS. Ana zare wayar wuta, a haɗa ƙafafu biyu da aka tanada don haka, ko a cire batirin CR2032 mai kama da kwabo na 'yan mintuna. Wannan yana mayar da ram kan saurin JEDEC. Ba ya sauya lambar BIOS, don haka ba ya warware matsalar furosesar da allo bai sani ba.

Idan duk wannan bai yi ba, ana fitar da allo daga akwati a ɗora shi a kan kwalinsa, da furosesa, abin sanyaya, sanda ɗaya da wuta kawai. Ana kunna shi ta hanyar taɓa ƙafafun maɓallin wuta biyu da bakin sukuddireba. Tashi a wajen akwati yana nuna cewa wani ƙarfe yana taɓa bayan allo, galibi ƙusar ɗagawa da aka bari a inda allon ba shi da rami. Cire furosesa don duba ƙafafu shi ne mataki na ƙarshe, domin shi ya fi haɗari. A AM4 man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya yakan kama, har ya fizge ta daga soket a kulle, don haka ake murɗa abin sanyaya a hankali kafin a ɗaga.

Sabunta BIOS

Idan jerin kamfani ya nuna furosesa tana buƙatar BIOS da ta fi wadda ke cikin allo sabunta, hanyoyi uku ne. Ta farko ita ce maɓallin da wasu alluna ke da shi a baya, wanda ke rubuta BIOS daga filash ba tare da furosesa ta tashi ba. ASUS tana kiran sa USB BIOS FlashBack, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI kuma Flash BIOS Button. Yana buƙatar filash mai tsarin FAT32, fayil mai sunan da kamfani ya ƙayyade, da mashigin USB na musamman. Ta biyu ita ce aron tsohuwar furosesa da allon ya sani. Ta uku ita ce kai allon wurin mai saye ko mai gyara.

Fayil ɗin dole ya zama na ainihin allon, har da lambar bugunsa, domin alluna masu suna kusan ɗaya suna da BIOS daban. Yankewar wuta a tsakiyar rubutu tana iya barin allo ba ya tashi sam, sai dai idan yana da BIOS ta biyu ko maɓallin da aka ambata.

Sabuntawa tana da amfani ko da kwamfuta tana tashi. A 2023 an fitar da BIOS da ta taƙaita wutar wani sashe na Ryzen 7000 zuwa bolt 1.3 bayan rahotannin ƙonewar wasu furosesa. A 2024 Intel ta fitar da gyara ta hanyar BIOS ga zubi na 13 da 14, waɗanda yawan wuta ke lalata wasunsu a hankali, ta kuma ƙara musu garanti na shekara biyu.

Matsalolin bayan tashi

Wani rashin dacewar ba ya hana tashi, sai daga baya yake bayyana: kwamfuta ta daskare, manhaja ta rufe da kanta, Windows ya nuna shuɗin sikirin, ko fayil ya lalace. Idan hakan ya fara bayan kunna XMP ko EXPO, ana kashe saitin a gani. Idan matsalar ta tafi, ana rage saurin mataki ɗaya ko a sabunta BIOS. Manhajojin MemTest86 da Memtest86+ suna tashi daga filash su gwada ram na tsawon sa'o'i. Kuskure ko ɗaya ne yana nufin saitin bai zauna ba ko sanda tana da lahani.

Haɗa sanduna da aka saya a lokuta daban-daban yana iya jawo irin wannan. Kamfanonin da ke sayar da sanduna suna sayen guntayen ciki ne galibi daga Samsung, SK hynix ko Micron, kuma sukan sauya guntu ba tare da sauya sunan kaya ba. Sandunan da aka sayar a kwali ɗaya ne kawai aka gwada tare. Idan saurin sanduna ya bambanta, duka suna komawa kan mafi ƙaranci.

Idan kwamfuta ta nuna rabin ram ɗin da aka sa, yawanci sanda ɗaya ba ta zauna ba ko tasha ɗaya ba ta aiki. Idan ragin kaɗan ne, sashen hoto na cikin furosesa ne ya keɓe wani kaso. Windows 11, wanda ya fito a 2021, ya ƙara nasa sharaɗin: yana buƙatar TPM 2.0, kuma jerin furosesarsa ya fara ne galibi daga Intel zubi na 8 da Ryzen 2000.

Sassan hannu da yanayin wuri

A ƙasashen da kasuwar kayan hannu ke da ƙarfi, kamar Najeriya, Nijar da Ghana, ana yawan samun sassan da aka ciro daga tsofaffin kwamfutocin ofis da aka shigo da su. Furosesa da ram na irin waɗannan suna bin ma'aunin da aka saba, amma allunansu da akwatin wutarsu sau da yawa suna da girma da wayoyi na kamfanin kaɗai, waɗanda ba sa dacewa da ATX. Allon hannu kuma yakan zo ba kwali ba littafi, sai a karanta sunansa da lambar bugunsa a jikinsa a nemo littafin a intanet. Inda mayar da kaya ke da wuya, gwada furosesa, allo da ram tare a gaban mai sayarwa har BIOS ta bayyana a sikirin yana maye gurbin garanti.

Wasu tsofaffin akwatunan wuta suna da jan maɓalli a baya na zaɓar bolt 115 ko 230. Wanda aka shigo da shi daga Amurka yana iya zuwa a kan 115, kuma jona shi a wutar bolt 230 yana ƙona shi nan take. Yawan ɗauke wuta yana sa sabunta BIOS ya zama mai haɗari idan babu UPS ko inbata. A lokacin hunturu kuma, bushewar iska tana sa wuta ta taru a jikin mutum da tufafinsa, wadda tartsatsinta ke iya lalata guntu. Shi ya sa ake taɓa ƙarfen akwati kafin a ɗauki sashe, a kuma riƙe furosesa da sandunan ram ta gefe, ba ta wajen ƙafafu ba.